Rumbun Masara da Ya Koma Gidan Zane-zane a Cape Town

A bakin tashar jiragen ruwa ta Cape Town, a Afirka ta Kudu, akwai wani ginin kankare da aka kammala a 1924 domin ajiyar hatsi, galibi masara. Tsayinsa mita 57, kuma a zamaninsa babu ginin da ya kamo ƙafarsa a Afirka kudu da Sahara. Jirgin ƙasa ke kawo masarar daga gonaki, a tantance ta, a zuba, kafin a yi lodinta zuwa ƙasashen ƙetare. A 2001 aka rufe shi, ya koma gidan tantabaru.

Da masu wurin suka yanke shawarar mayar da shi cibiyar zane-zane da sassaƙa na zamani, sai aka tarar ginin ba shi da wani fili mai faɗi a ciki. Akwai rumbuna 42 masu siffar bututu, a tsaye, manne da juna kamar damin kara, kowane tsayinsa mita 33, faɗinsa mita 5.5. Ina za a rataye zane a nan? Ina mutum zai tsaya ya kalla?

Dabarar da Thomas Heatherwick, mai tsara gine-gine ɗan Ingila, ya zo da ita ce ta sa nake ba da labarin nan. Ƙwayar masara guda ɗaya aka ɗauka, aka kwafi siffarta a kwamfuta, aka faɗaɗa ta har ta kai mita 27, sannan aka yanke wannan siffa a tsakiyar rumbunan. Sai dai tsohon bangon siriri ne, ba zai jure yanka ba. Don haka sai da aka fara zuba sabon kankare a cikin bututun ya riƙe shi, kafin a sa zarto. Idan ka matsa kusa da bakin yankan za ka ga layi biyu, tsohon kankare mai duwatsu a waje, sabo a ciki, an goge su har suna sheƙi. Lif na gilashi yana hawa da sauka cikin rabin bututu, matakala na murɗawa cikin wani, haske kuma yana zubowa ta rufin gilashin da aka ɗora a bakin rumbunan. Sauran rumbunan an rarake cikinsu an yi fararen ɗakunan baje koli kusan 80. Aikin ya laƙume rand miliyan 500, aka buɗe gidan a Satumban 2017 da sunan Zeitz MOCAA.

A ganina filin nan na tsakiya ya yi kyau har ya so ya yi yawa. Mutum na iya shigowa, ya ɗaga kai, ya ɗauki hoto da waya, ya ji ya ƙoshi tun bai leƙa aikin kowa ba. Ɗakunan kuwa babu abin da zai tuna maka cewa masara ta taɓa kwana a ciki.

Sunan ma ya jawo ce-ce-ku-ce. Jochen Zeitz Bajamushe ne, tsohon shugaban kamfanin Puma, kuma ayyukan da ya tara ne aka ba gidan aro na dogon lokaci. Ga gida na masu fasahar Afirka, amma mai suna da mai tsara ginin duk Turawa, ga kuma otal mai ɗan karen tsada a saman ginin, a birnin da dubban mutane ke kwana a ɗakunan kwano. Masu wannan ƙorafi ba su yi ƙarya ba.

Iskar ta fara sauyawa a 2019, lokacin da aka miƙa ragamar gidan ga Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru wadda ta kafa cibiyar fasaha a Dakar. Ta karkata ga ware wa mai fasaha ɗaya fili ya nuna aikin shekarunsa a tsanake, kuma a 2022 ta shirya babban baje koli kan yadda baƙar fata suka zana kansu cikin shekara ɗari. An zaɓe ta ta jagoranci bikin fasaha na Venice na 2026, amma rai ya yi halinsa a Mayun 2025, tana da shekara 57.