Ran Da Muka Kai Ɓeran Masar Wurin Likitan Dabbobi

Duk wanda ya san zangonmu na Kumasi ya san cewa a bayan gidaje da dama akwai ɗan akurki na katako da waya, a ciki da ɓeran Masar biyu ko uku suna 'yan koke-koke da zarar sun ji motsin ciyawa. Galibi na yara ne. Yaro ya tara kuɗin kashewarsa ya saya, shi ke yanko musu ciyawa, shi ke share kashinsu. Mu manya ba mu cika waiwayarsu ba sai ranar da ciwo ya zo.

Haka ta faru a gidanmu. Wata 'yar ƙanenmu mai shekara 9 tana da guda biyu. Babbar, wadda ta kai shekara 6, ta yi ƙari a ciki, ta daina ci, ta lafe a kusurwa gashinta a tashe. Shawarwari suka yi ta zuwa daga tsakar gida. Wani ya ce a jefar da ita bola, wani ya ce a sa mata maganin ɓera, wata kuma ta ce a tsoma ta cikin bokitin ruwa a huta. Yarinyar tana ji. Can sai ta dubi mahaifinta ta ce, "Baba, da akuya ce ai da tuni an kira likita." Babu wanda ya sami amsa. Washegari muka sa dabbar cikin kwali da ɗan tsumma, muka nufi asibitin dabbobi.

Likitan ya taɓa cikinta, ya auna nauyinta, ya leƙa bakinta. Ya yi mana bayani cewa ɓeran Masar, wanda asalinsa daga duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka ba Masar ba, yakan rayu shekara 5 zuwa 7 ne, saboda haka tamu ta tsufa. Irin waɗannan dabbobi da ake farauta a daji sun iya ɓoye ciwo, domin mai rauni shi ake fara kamawa. Kafin mai su ya lura, abu ya yi nisa. Ɓeran Masar da ya yini ya kwana bai ci ba yana cikin haɗari, don hanjinsa kan tsaya da aiki. Wasu cututtukan suna da magani: haƙoran da suka yi tsawo ana rage su, ƙarancin bitamin C ana gyara shi da ɗanyen ganye. Amma ƙari irin wannan a jikin tsohuwar dabba, in ji shi, ko an yi tiyata da wuya ta tashi. Sai ya ce akwai hanyar da za a sauwaƙe mata, in mun yarda.

A nan muka ɗan yi turus, don mun san tambayar da mai karatu ma zai yi: ya halatta? Ba mu ba da fatawa, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba ɓoyayye ba ne. A Mukhtasar na Shehu Halilu, malaman Malikiyya sun halatta a yanka dabbar da ba a ci idan an fid da tsammanin rayuwarta, domin a hutar da ita. Wasu malaman, musamman na Shafi'iyya, ba su tafi a kan haka ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin azabtar da dabba, kuma kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Mu dai mun yarda.

Ga yadda aka yi. Jijiyoyin jinin wannan dabba ƙanana ne ƙwarai, neman su da allura tana farke wahala ce a gare ta. Saboda haka sai aka fara sa ta cikin ɗan akwati mai gilashi, tare da tsummanta, aka saki iskar sa barci da ake kira aisofuluren. Cikin 'yan mintoci ta kwanta. Inda babu wannan na'ura, allurar barci ake fara yi. Bayan likita ya matsa yatsan ƙafarta ya ga ba ta motsa ba, sai ya yi mata allurar fentobabital mai yawa, wadda ke tsayar da numfashi, sannan zuciya. Ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya jima, ya ce ta tafi. Tun da farko ya gargaɗe mu cewa idanu ba sa rufuwa, kuma jiki na iya ɗan zabura bayan rai ya fita. Da bai faɗa ba, da yarinyar ta ɗauka ba ta mutu ba.

Shawarwarin tsakar gida kuwa, bari mu faɗi gaskiya, babu mai sauƙi a ciki. Yawancin maganin ɓeran da ake sayarwa a kasuwa hana jini daskarewa yake yi, dabba ta yi kwanaki tana zubar da jini ta ciki kafin ta mutu. Nutsarwa a ruwa da sawa cikin firiza, Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka ta ƙi amincewa da su a ƙa'idojinta na 2020. Jefarwa bola kuma miƙa ta ne ga kyanwa da tururuwa tana da rai. Wanda ba ya iya biyan asibitin kuɗi, ya fara tambaya a ofishin kula da lafiyar dabbobi na gwamnati da ke yankinsa, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona. Ya kuma tambayi farashi tun kafin a fara.

Abu ɗaya da likitan ya nanata har sau biyu: dabbar da aka yi wa wannan allura ba a cin namanta, ba a kuma yar da gawarta. Akwai gidajen da ke kiwon ɓeran Masar don nama, a nan Gana da Kamaru, to su kiyaye. Maganin yana nan cikin jiki, kare ko ungulun da ya ci zai iya mutuwa. A haƙa rami mai zurfi, a ɗora dutse.

Mun yi gardama a kan ko yarinyar ta shiga ɗakin. Mahaifiyarta ta so a ce mata kawai dabbar ta gudu. Ba mu goyi bayan haka ba, don yaron da aka ce wa dabbarsa ta gudu zai yi makonni yana leƙen kwata. Aka tambaye ta, ta ce za ta tsaya har ta yi barci, sannan ta fita. Haka kuwa aka yi.

Saura ɗayar da aka bari. Ɓeran Masar dabbar taro ce, kaɗaici na iya sa ta daina ci. A ƙasar Suwizalan ma tun 2008 doka ta hana a ajiye guda ɗaya shi kaɗai. Likita ya ce a sa mata ido kwana biyu, in hali ya yi a nemo mata abokiyar zama mace, kada a kawo namiji gida ya cika da 'ya'ya. Da yamma yarinyar da ƙannenta suka binne tsohuwar a gindin bishiyar mangwaro. Bayan mako biyu wani maƙwabci ya kawo mata wata ƙarama mai ja da fari, ta ƙi raɗa mata suna har sai da ta ga su biyun suna cin ganye ɗaya.