Darasin Sinadarai Daga Bakin Titin Malanville

A makarantun Jamhuriyar Benin, sai yaro ya shiga sakandare yake fara darasin PCT, wanda ya haɗa fiziks da ilimin sinadarai da fasaha. Amma yaron Malanville, garin kasuwa da ke bakin kogin Kwara daura da Gaya ta Nijar, ya daɗe da sanin sinadarai kafin ya ga ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. Shi ake aika ya sayo fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo, a gabansa ake dama maganin feshin shinkafa da albasa, a gidansu ake ajiye sodar haɗa sabulu cikin gorar ruwa.

Haɗarin ba na wasa ba ne. A watan Satumba na 2023, gobara a wani rumbun kpayo da ke Seme-Krake ta kashe fiye da mutum 30. Maganin ƙwarin auduga mai suna endosulfan kuwa ya hallaka mutane a arewacin ƙasar kafin gwamnati ta haramta shi a 2008.

Don haka bai kamata koyar da kariya ya jira ginin ɗakin gwaji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma malamin firamare na da kayan aikinsa a kasuwa. Ya zana wa yara alamomin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta daidaita a jikin robobi: harshen wuta na nufin abin yana kamawa, ƙoƙon kai da ƙasusuwa na nufin guba. Ya haɗa kowace doka da dalilinta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da murhu. Ruwan jabel in ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Wanda ya sha kananzir ba a sa shi amai ko a ɗura masa manja, domin man na iya faɗawa huhunsa. Asibiti za a nufa. Idon da soda ta fantsama a ciki a wanke shi da ruwa na aƙalla minti 15.

Faransanci ne harshen aji, amma gargaɗin da zai ceci rai ya kamata a maimaita shi da Dandanci da Hausa da Fulatanci, don yaron ya iya kai shi gida ga mahaifiyarsa mai dafa sabulu da yayansa mai feshi a fadama.