Abin da ya sa wasan takobi bai samu gurbi a littattafan zane da katun ba

Wasan takobi na zamani, wanda ake fafatawa da siraran takubba marasa kaifi, yana cikin tsirarun wasannin da ba a taɓa rasa su a gasar Olamfik ba tun daga ta farko da aka yi a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896. Duk da wannan daɗewa, mai neman labarin zane ko katun da aka gina kacokan a kan wasan zai sha wahala kafin ya cika yatsun hannu ɗaya.

Ƙasar Japan ce ma'auni a nan, domin a can ne labaran zane na wasanni suka zama babbar sana'a. Captain Tsubasa, wanda Yoichi Takahashi ya fara a 1981, ya cusa wa yara son ƙwallon ƙafa har a ƙasashen Larabawa, inda aka san shi da Kyaftin Majid. Dambe ya samu Hajime no Ippo a 1989, ƙwallon kwando ya samu Slam Dunk a 1990, ƙwallon raga kuma ya samu Haikyu a 2012. A Afirka ma akwai Supa Strikas, wanda matasan Najeriya da dama suka tashi da karanta shi. Wasan takobi kuwa, misalin da aka fi ambata shi ne Fence, wanda C.S. Pacat da Johanna the Mad suka samar, kamfanin BOOM! Studios na Amurka ya fara bugawa a 2017.

Abin mamakin shi ne, takobi kansa bai taɓa ƙaranci a duniyar labari ba. Tun daga jaruman Alexandre Dumas na 1844 zuwa Zorro da ya bayyana a 1919, an saba wa mai karatu da cewa idan aka zare takobi to rai ake nema. Wasan zamani ya cire jini daga cikin lamarin. Mutum biyu ne sanye da fararen kaya a kan shimfiɗa mai tsawon mita 14, kowa da wayar lantarki a jikinsa, fitila ce ke shaida wanda ya taɓa wani. Marubucin da ke son takobi yakan ga ya fi masa sauƙi ya koma zamanin sarakuna da mayaƙa.

Akwai kuma matsalolin da suka shafi zanen kansa. Ɗan wasa yana rufe fuskarsa da kwalkwali mai raga, alhali mai zane da ido da baki yake nuna tsoro da fushi da gajiya. Sannan ga sauri. A nau'in da ake kira epe, idan 'yan wasan biyu suka taɓa juna cikin kusan kashi ɗaya bisa 25 na daƙiƙa, kowa ya samu maki, tazarar da idon ɗan Adam ba ya iya rabewa. A sauran nau'o'in biyu, foil da saba, akwai dokar fifiko: ko da fitilu biyu sun kama, alƙalin wasa ne ke yanke wanda ya fara kai hari bisa ƙa'ida. Baƙon ɗan kallo yakan ga an ba da maki bai san dalili ba.

Sai dai waɗannan hujjoji ba su da ƙarfin da ake zato. Kendo, wasan takobin gora na Japan, shi ma da rufaffiyar fuska ake yin sa, amma ya samu Musashi no Ken a 1981 da Bamboo Blade a 2004. Eyeshield 21 ya yi farin jini da ƙwallon Amurka, inda kowa ke sanye da kwalkwali. Batun sauri ma, a gaskiya riba ce ga mai zane, domin babu abin da labarin zane ya ƙware a kai kamar tsayar da lokaci, ya shimfiɗa daƙiƙa ɗaya a shafuka goma, ya nuna yaudara da lissafin da ke cikin kan ɗan wasa, abin da talabijin ke kasa kamawa.

Dalilin da ya fi kama hankali shi ne kasuwa. Masu buga irin waɗannan labarai sun fi amincewa da wasan da mai karatu ya taɓa yi a makaranta ko a unguwa. Kendo yana da ƙungiyoyi a makarantun Japan birjik, ƙwallon ƙafa kuwa fili da ƙwallo kawai yake bukata. Wasan takobi yana bukatar kwalkwali, rigar kariya, takubba, na'urar ƙirga maki da ƙwararren mai horarwa, shi ya sa masu yin sa ba su da yawa, masu zanen da suka san shi daga ciki sun fi ƙaranci.

Amma ƙasa ta fara sauyawa. Yuki Ota ya ci wa Japan azurfa a Beijing a 2008, tawagar maza ta epe ta ɗauki zinare a gasar Tokyo, sannan ƙasar ta tashi da lambobi biyar a Paris a 2024. A Koriya ta Kudu, wasan kwaikwayon talabijin mai suna Twenty-Five Twenty-One ya ja ɗimbin masu kallo a 2022 da labarin wata 'yar wasan takobi. Afirka ma tana da nata jaruman da za a iya ginin labari a kansu: Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa a Landan a 2012, Ines Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla a 2016, kuma birnin Legas ne ya karɓi baƙuncin gasar wasan takobi ta nahiyar a 2025.