Me Ya Sa Albashin Masu Ba Kamfanoni Shawara Ke Saurin Hawa?

A Amurka, wanda ya gama digirin MBA a 2023 ya samu aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin ba da shawara na McKinsey, BCG ko Bain, ya fara ne da albashin kusan dala 190,000 a shekara. Amma inda gizo ke saƙar shi ne saurin ƙari. Duk shekara biyu zuwa uku ana ɗaga shi mataki guda, kowane mataki kuma da ƙarin albashi mai tsoka. Abokinsa da ya shiga kamfanin ƙera kaya ko sayar da su kuwa, ƙarinsa na shekara ya daɗe a kan kashi 3 cikin 100, sai bayan korona ya taɓa kashi 4.

Dalili na farko: a kamfanin shawara, ma'aikaci shi ne hajar. Lokacinsa ake sayarwa, kuma da zarar an ƙara masa girma, kuɗin da ake karɓa a kan aikinsa ya tashi, sai ƙarin ya biya kansa. A masana'anta kuwa, albashi yana cikin abin da ake kashewa, ana ta neman hanyar rage shi. Ƙarin girma ma sai kujera ta samu, wato sai na sama ya yi ritaya ko ya bar aiki.

Na biyu shi ne tsarin "ko ka hau ko ka fita", wanda Marvin Bower, tsohon jagoran McKinsey, ya aro wa kamfanin daga ofisoshin lauyoyi. Kamfanin kamar dalar gyada yake, gindi da faɗi, kai da tsini. Wanda bai cancanci hawa ba cikin wa'adi, sai a ce ya nemi wani wurin. Kaɗan ne ke kaiwa matsayin mai kaso a ribar kamfani, saboda haka albashin da ake kwatance da shi na waɗanda suka tsallake rariya ne kawai.

Wannan hawa yana da tsada: aikin awa 60 ko fiye a mako, da yawan tafiye-tafiye. Shi ya sa da yawa ke yin 'yan shekaru su koma masana'antu, inda sukan fara daga kujerar da ta fi ta sa'o'insu. Misali, Sundar Pichai, wanda ya kai ga shugabancin Google, ya yi aiki a McKinsey kafin ya shiga Google a 2004, kuma a irin wannan wurin hannun jari ke azurta manya fiye da albashi.

Kasuwa kuma kan juya. A 2023 kamfanin shawara na Accenture ya sanar da rage ma'aikata 19,000, wasu manyan kamfanonin suka ɗage ranar kama aikin sababbin ɗauka, albashin farawa ya tsaya cik. Idan masu neman shawara suka tsuke bakin aljihu, mai sayar da lokacinsa ne ke fara ji a jikinsa.

Matashin da ke auna hanyoyin biyu, kafin ya ɗaga kai ya kalli buhun da ke kan tsinin dala, ya fara ƙirga waɗanda aka sauke a hanya.