Ƙananan Akwatuna Masu Gadin Sama

Mun saba koya wa yara cewa haske launi bakwai ne, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Amma akwai wani haske wanda ido ba ya gani, ya kuwa fi wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ƙarfi ƙwarai. Masana suna kiransa gamma. Daga taurarin da suka fashe yake fitowa, iskar da ta kewaye duniya kuwa tana tare shi. Saboda haka tilas a kai na'ura sama kafin a gan shi.

Mai matsakaicin ƙarfi shi ya fi wuyar kamawa. Madubi ba ya tara shi, ratsawa yake yi. A 1923 Arthur Compton, mutumin Amurka, ya nuna cewa in irin wannan haske ya bugi ƙwayar lantarki, sai ya karkace, ƙarfinsa ya ragu. To, in an jera faifai biyu, aka auna inda ya bugi kowanne da ƙarfin da ya bari, lissafi zai nuna sashen sama da ya fito.

A 1991 Amurka ta ɗaga tauraron ɗan Adam mai sunan Compton, nauyinsa wajen ton 17, ɗauke da irin wannan na'ura. A 2000 aka sauko da shi cikin tekun Fasifik, har yau kuwa ba a maye gurbinta sosai ba, domin babba tsada gare shi.

Ga inda ƙanana suka shigo. Akwai akwatin da ake kira CubeSat, kowane gefensa inci 4, wanda jami'a ma tana iya haɗawa. A 2021 masanan Hungari da Sulobakiya da abokan aikinsu suka ɗaga ɗaya, GRBAlpha. Ran 9 ga Oktoba 2022, sai ga walƙiyar gamma wadda ba a taɓa auna mai ƙarfinta ba. Manyan na'urori suka cika suka kasa ƙidaya, ƙaramin kuwa ya auna ƙololuwarta.

Kada dai mu zaƙe. Ƙaramin koko ruwa kaɗan yake tara, don haka akwati ɗaya walƙiya mai ƙarfi kaɗai yake kamawa. Amma in an watsa su da yawa, bambancin lokacin da hasken ya iske kowanne zai nuna inda ya fito. Lissafin kusurwa da muke koyarwa a aji, shi ne aikin da ake yi can sama.