Shin Ko Kun San? Masu Leƙa Lahira Su Dawo da Labari

Shin ko kun san a Amurka akwai kasuwa sukutum ta littattafan mutanen da suka ce sun mutu, sun zaga aljanna ko wuta, sun dawo? Kasuwa ce ta miliyoyin daloli. Ku gyara zama!

Colton Burpo, ɗan wani fasto a jihar Nebraska, bai cika shekara 4 ba aka yi masa tiyatar afendis a 2003. Bayan ya warke ya ce ya je sama, har ya zauna a cinyar Yesu. Mahaifinsa ya rubuta littafi a 2010, aka sayar da kwafi sama da miliyan 10. Fim ɗin da aka yi a 2014 ya ci dala miliyan 12, ya kawo sama da miliyan 100. To, ga abin mamakin: zuciyar yaron ba ta tsaya ba a ɗakin tiyata. Ko sau ɗaya!

Na Alex Malarkey kuwa sai an riƙe baki. Yana ɗan shekara 6 ya yi hatsarin mota a jihar Ohio a 2004, ya yi wata biyu cikin doguwar suma, ya farfaɗo jikinsa a shanye. A 2010 aka fitar da littafi da sunansa da na mahaifinsa, wai ya ga mala'iku, ya ga Shaiɗan. Aka sayar da kimanin kwafi miliyan guda. Kwatsam a watan Janairun 2015, yaron ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ya ce bai mutu ba, bai je aljanna ba, ya ƙirƙira ne don a kula shi. Tirƙashi! Kamfanin Tyndale ya janye littafin daga kasuwa. Mahaifiyarsa fa ta shekara da shekaru tana cewa labarin ba gaskiya ba ne, babu wanda ya saurare ta. Ina za a saurara, ciniki na tafiya?

Kada ku ɗauka marasa addini ne kawai ke ɗaga gira. A 2014 babban taron cocin Baftis ta Kudu a ƙasar Amurka ya zartar cewa abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa game da lahira ya wadatar. A 2015 shagunan littattafansu na LifeWay suka kwashe irin waɗannan littattafai daga kanta, kaf.

Ko kun san wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ma ya shiga sahu? Eben Alexander ya kamu da sanƙarau a 2008, ya yi kwana 7 bai san inda kansa yake ba. A littafinsa na 2012 ya ce ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki ɗungurungum, don haka abin da ya gani ba mafarki ba ne. A 2013 mujallar Esquire ta bi diddigi, wata likita da ta duba shi ta ce da magani aka riƙa sumar da shi, kuma idan an sassauta maganin yakan farka a ruɗe.

Masu zuwa wuta fa? Akwai su! Howard Storm, malamin zane a jami'a wanda bai yarda da Allah ba, hanjinsa ya huje a Faris a 1985. Ya ce wasu halittu sun ja shi cikin duhu suna yagar naman jikinsa. Ƙarshenta fasto ya zama. Shi kuwa Bill Wiese, dillalin gidaje a Kalifoniya, ya ce ya yi minti 23 cif a jahannama a wani dare na 1998. Ba hatsari, ba asibiti, ba ciwon kai. Yana kwance a gidansa lafiya lau!

Mu ma nan Najeriya muna da namu. A ƙarshen 2001 aka ce wani fasto, Daniel Ekechukwu, ya rasu bayan hatsarin mota, matarsa ta kai shi wata coci a Anacha inda Reinhard Bonnke ke wa'azi, ya tashi. Ya ce an nuna masa aljanna da wuta, kuma an shaida masa da wuta zai tafi saboda ƙin yafe wa matarsa. Har yau ana musu a kan ko ya mutu da gaske.

Yanzu ku zo mu leƙa asibiti. Wani likitan zuciya a Holan, Pim van Lommel, ya bi mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su a asibitoci 10. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2001. Mutum 62 ne suka ce sun ga wani abu, wato kashi 18 cikin 100. Sauran 282 ɗin fa? Shiru. Ba haske, ba mala'ika, ba komai.

Ga dabarar da ta fi burge ni. Yawancin masu wannan labari kan ce sun tashi sama suna kallon jikinsu daga rufin ɗaki. Sai Dakta Sam Parnia da abokan aikinsa suka ce to madalla, bari mu gwada. Suka kafa kantoci can sama a ɗakunan asibiti, suka ɗora hotuna waɗanda ba mai iya ganinsu sai wanda ke saman rufi. Asibitoci 15 a Ingila da Amurka da Ostiriya. Zuciya ta tsaya wa mutum 2,060. Mutum 330 suka rayu, aka zanta da 140. Nawa suka ga hoton? Babu ko ɗaya! Amma a yi adalci: mutum biyun da suka ce sun ga abin da ake yi musu, a ɗakunan da babu kanta abin ya same su. Ɗayansu, ɗan shekara 57 a Southampton, ya kwatanta ƙarar na'ura da mutanen da ke kansa daidai. Sai ku ce musun bai ƙare ba.

Shin ko kun san ba sai an kusa mutuwa ake ganin waɗannan abubuwa ba? A 1990 masu bincike a jami'ar Virginia sun duba takardun asibiti na mutum 58 masu irin wannan labari. Ashe 30 daga cikinsu rayuwarsu ba ta ma shiga haɗari ba. Zato kawai suka yi!

A Siwizalan kuma, a 2002, likita Olaf Blanke ya taɓa wani gefen ƙwaƙwalwar wata mai farfaɗiya da ɗan lantarki kaɗan. Nan take ta ce tana ganin kanta kwance daga sama. Aka ɗauke lantarkin, ta dawo.

Har ɓeraye ba a bari ba! A 2013 a jami'ar Michigan aka gano cewa cikin daƙiƙa 30 bayan zuciyar ɓera ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa kan yi wani irin tashin aiki mai ƙarfi kafin ta yi tsit. Me ɓeran ke gani? Wa zai tambaye shi?

Wannan kuwa sai kun ba wani. A binciken da aka wallafa a 1986 kan mutanen Indiya, da yawa sun ce manzannin Yama, sarkin mutuwa a addinin Hindu, suka zo suka tafi da su, aka buɗe littafi, aka ce kuskure aka yi, ba wannan ake nema ba, a mayar da shi. Kowa da abin da ya taso da shi yake cin karo a can. Amma ku ji: kusan shekara 1,400 kafin nan, Paparoma Gregory na Farko ya rubuta labarin wani Istifanus da ya mutu, aka kai shi gaban alƙali, aka ce ai Istifanus maƙeri ake nema. Ya farfaɗo, maƙerin da ke maƙwabtaka da shi ya cika a sa'ar!

Ni dai a ganina, yawancin mutanen nan ba ƙarya suke yi ba, sun ga abin da suka gani. Ko daga lahira ne, ko daga cikin kai, nan ne hujja ta yi ƙaranci.

Shi kansa Littafi Mai Tsarki fa? Li'azaru ya kwana 4 a kabari kafin Yesu ya tashe shi, in ji Linjilar Yohanna sura 11. Me ya gani a can? Ko kalma ɗaya ba a rubuta ba. Manzo Bulus kuwa, a wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa sura 12, ya ambaci wani mutum da aka ɗauka zuwa sama ta uku, wanda masana da yawa ke ganin shi ne da kansa. Sai da aka shekara 14 ya ɗaga maganar, ya ce bai ma san ko da jiki aka je ko ba da jiki ba, kuma abin da aka ji a can ba a yarda mutum ya faɗa ba. Duka labarin tafiyar, aya uku ne!