Sedona: Yadda Hayar Kwana-Kwana Ta Raba Ma'aikata da Matsuguni

Sedona ƙaramin gari ne a jihar Arizona ta Amurka, mazaunansa ba su cika dubu 10 ba. Jajayen duwatsun da suka kewaye shi ne suka yi masa suna, su ne kuma ke jawo masu yawon buɗe ido kimanin miliyan 3 a kowace shekara. Da waɗannan baƙi garin yake ci yake sha. Mai otal, mai gidan abinci, direban da ke zagayawa da mutane cikin duwatsu, duk da bazar baƙo suke rawa.

Tun 1995 majalisar garin ta hana ba da hayar gidan zama na ƙasa da kwana 30. Baƙo ya sauka a otal, gidajen unguwa kuma a bar wa mazauna. Haka aka tafi har 2016, lokacin da majalisar dokokin jihar ta zartar da dokar da ake kira SB 1350, Gwamna Doug Ducey ya sa mata hannu, ta fara aiki a farkon 2017. Dokar ta ƙwace wa garuruwan jihar ikon hana irin wannan haya. Hujjar da aka kafa ita ce mai gida yana da 'yancin yin abin da ya ga dama da gidansa, kuma kamfanoni irin su Airbnb da Vrbo sun buɗe wa mutane hanyar samun na cefane.

Hujjar tana da daɗin ji, amma lissafin da ke ƙarƙashinta shi ne abin dubawa. A ce gida yana kawo dala 2,000 a wata idan an ba ɗan haya na shekara. Gidan nan dai, idan aka sa shi a intanet a kan dala 250 kowane dare, ko rabin wata kawai ya samu baƙi, ya kawo dala 3,750. Wane mai gida ne zai ga wannan ya kau da kai? Da wa'adin haya ya cika sai a ce wa ɗan haya ya nemi wani wuri, a yi wa gidan fenti, a zuba sababbin kujeru, a maƙala wa ƙofa makulli mai lambobi, yadda baƙo zai shiga ya fita ba tare da ya ga kowa ba. Daga nan sai masu jari daga nesa suka shigo suna sayen gidaje don wannan sana'a kaɗai. Cikin 'yan shekaru irin waɗannan gidaje suka zarce dubu a garin da ba shi da filin faɗaɗawa, domin dajin gwamnatin tarayya ya yi masa zobe.

Wanda ya ji jiki shi ne ma'aikaci. Mai wanke zanin gado, mai dafa abinci, malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, da yawansu suka koma garuruwan kusa kamar Cottonwood da Camp Verde, suna zuwa aiki da safe su koma da yamma. Wasu kuwa motarsu ce ta zama ɗakin kwanansu, su faka a gefen daji da dare, gari ya waye su sa rigar aiki su tafi yi wa baƙi hidima. Unguwa ma ta sake kama. Maƙwabcin da ka sani ya tashi, kowane ƙarshen mako sai sababbin fuskoki, ga hayaniya, ga motoci sun tare hanya.

Hukumar garin ta yi ta neman mafita, sai dai hannunta a ɗaure yake. A 2022 ta fara biyan masu gidaje daga dala 3,000 zuwa 10,000 don su daina hayar kwana-kwana su ba ma'aikatan gari haya ta shekara. A ganina wannan ihu ne bayan hari, domin kuɗin ba su kai ribar da ake so mutum ya bari ba. A shekarar ce kuma jihar ta ɗan sassauta, ta yarda garuruwa su tilasta yin rajista, su kuma dakatar da lasisin gidan da ya yi ta karya doka. Amma ikon ƙayyade yawan gidajen, wanda shi ne ƙashin bayan maganar, ba a dawo da shi ba.

A watan Maris na 2024 majalisar garin ta amince a ware fili mai ɗaukar mota 40, da banɗaki da wurin wanka, domin ma'aikatan da ke kwana a mota. Wasu mazauna suka yi caa, suka tara sa hannu, aka kai maganar akwatin zaɓe a watan Nuwamba, masu zaɓe suka yi watsi da shirin. Ma'aikacin da aka raba da ɗaki, wurin ajiye motar ma ya gagare shi.

Hani na gaba ɗaya shi ma yana da nasa tarkon. A South Lake Tahoe ta jihar Kalifoniya, masu zaɓe sun amince a 2018, da ratar ƙuri'a 58 kacal, a hana wannan haya a unguwannin zama, amma aka yi wa mazauna garin na dindindin rangwame. A 2025 kotu ta soke dokar, ta ce ta nuna bambanci ga masu gidajen da ke zaune a wasu jihohi. Tsohuwar da ke ba da ɗaki guda a gidan da take ciki ba ɗaya take da mai jarin da ya saye gida goma ba, wannan gaskiya ne, amma rubuta bambancin a doka sai da lura.

Darasin Sedona bai tsaya a Amurka ba, domin irin wannan haya ta riga ta kafu a Legas da Abuja, musamman a watan Disamba. Masu ruwa da tsaki a harkar gidaje su fara da rajista, su san gida nawa ne suka bar hannun 'yan haya, su sa iyaka unguwa-unguwa tun masu jari ba su yi yawan da za su fi ƙarfin doka ba.